Mas'uda, Gajera da Rigar Maci

A shekarun da aka buɗe makarantun firamare har cikin ƙauyukan bayan duwatsu, an yi wata yarinya a wani ƙauye kusa da Roni. Sunanta Mas'uda. Tana aji huɗu.

Mas'uda 'yar duma-duma ce mai kumatu. In ta yi dariya idanunta ɓacewa suke yi, kuma ba ta rabo da dariya. A wajen kakarta Inno take zaune. Su uku ne a gidan: Inno, Mas'uda, da wata jar akuya mai suna Gajera. Kada ku ce mini akuya ba mutum ba ce. Ita dai Gajera ba ta san da wannan magana ba.

Wata rana, damina ta kusa ƙarewa, Malama Rahamatu ta shigo aji da ƙunshin kaya. Ta kwance shi a kan tebur. Sai ga riguna sababbi fil, kore da fari.

"Ranar ɗaya ga Oktoba za a yi bikin samun 'yancin kai a Kazaure," in ji Malama. "Makarantarmu za ta yi maci. Babbar mota za ta zo ta kwashe mu."

Aji ya kaure da murna. Malama ta bubbuga tebur.

"Mas'uda, ke za ki riƙe allon sunan makaranta a gaba. Takunki daidai yake, kuma fuskarki a sake take."

Mas'uda ta ji kamar ta tashi sama. Ba ta taɓa zuwa Kazaure ba. Ga shi za ta je, kuma ita ce a gaban kowa.

Malama ta raba rigunan. Ta ce, "Duk awo ɗaya tela ya yi musu. Kowa ta gwada a gida. Wadda ta ga matsala ta faɗa mini."

Da Mas'uda ta koma gida sai ta shige ɗaki ta saki labule. Ta zura kai, ya wuce. Ta zura hannuwa, suka wuce da ƙyar. Daga nan riga ta ce ita ba inda za ta. Ta matse ta a hammata, maɓallan baya kuwa ko gaisawa da ramukansu ba su yi ba.

Mas'uda ta ce a ranta, in na faɗa wa Malama, wata za a ba rigar, a haɗa mata da allon.

"Ƙawata, ta yi miki?" Inno ta tambaya daga tsakar gida. Haka take kiran jikarta.

"Ta yi, Inno," in ji Mas'uda. Ta yi maza ta tura rigar can ƙasan akwati.

Washegari ta gaya wa ƙawarta Tasalla a asirce. Tasalla irin yaran nan ce da ba a rasa shawara a bakinsu, ko an tambaye su ko ba a tambaye su ba.

"Wannan ai mai sauƙi ne," in ji Tasalla. "'Yar kawuna da ke Kano ta ce 'yan birni ba sa karin kumallo. Shi ya sa suke sirara. Ki daina ci da safe, za ki ga aiki."

"Inno ba za ta yarda ba."

"To, wa ya ce ki faɗa mata?"

Ita kuwa Inno, ba ta wasa da abincin safe. Kullum sai ta ɗumama tuwon jiya, ta zuba miyar kuka, ta ɗiga man shanu a kai. Ga koko mai zafi a ƙwarya. Ƙamshin kaɗai ya isa ya tashi mai barci.

Da safe Mas'uda ta karɓi kwanonta. Ta haɗiye yawu. Ta ce, "Inno, a bayan rumbu zan ci. Can ya fi iska."

A bayan rumbun aka kafa turken Gajera. Lokacin amfanin gona bai shigo gida ba, don haka kowa ɗaure dabbarsa yake yi, kada ta yi wa mutane ɓarna. Mas'uda ta waiwaya hagu da dama. Sannan ta ajiye kwanon a gaban akuya.

Gajera ta shinshina. Ta dubi Mas'uda, kamar tana tambaya ko da gaske ne. Daga nan ta sa baki. Ta cinye ɗumame, ta shanye koko, ta lashe kwano tas.

"Iye, yau har da wanke kwano?" in ji Inno da ta ga kwanon. "Allah ya yi miki albarka."

Mas'uda ta amsa da amin a ciki-ciki. Kunya ta kama ta, amma ta tuna da riga.

Haka aka yi ta yi kullum. Sai dai abin bai zo da sauƙin da Tasalla ta ce ba. Tun kafin a fita tara cikin Mas'uda yake fara kuka. Rannan ya yi ƙugi ana tsakiyar lissafi, har yaran benci suka ɗauka hadari ne ya taso. Malama ta yi mata tambaya mai sauƙi, ta tsaya tana ƙifta ido. Wani lokaci ta kifa kai a kan benci ta yi gyangyaɗi. Wadda ta taɓa ta kaɗan, sai faɗa. Dariyar nan tata duk ta gudu.

In an fita tara, yara su yi dafifi wajen Uwa Dela mai sayar da koko da dafaffiyar gyaɗa a bakin makaranta. Mas'uda kuwa sai ta juya baya tana kallon duwatsu.

Amma fa in ta dawo gida da rana, sai ku tausaya wa tukunya. Ta ci ɗan wake, ta nemi ƙari. Ta gasa tumu ta murje. Ta bi da gyaɗa. Da yamma ta cinye tuwonta, ta sa ido a na Inno.

"Ƙawata, ko rami aka haƙa miki a ciki?" in ji Inno tana dariya.

Bayan kwanaki Mas'uda ta sake ciro riga ta gwada. Tana nan yadda take. Maɓallan ba su matso ba ko kaɗan. Ta zauna a bakin gado ta yi kuka mara sauti. Ga yunwa, ga ƙarya, ga riga ta ƙi.

Wadda ta ci ribar abin ita ce Gajera. Gashinta ya kwanta yana sheƙi. Cikinta ya yi tulu. In Inno ta kawo mata dusa da safe, sai ta kau da kai kamar an zage ta.

"Wannan akuya ta fara girman kai," in ji Inno. "Ko me take ci, oho."

Ana saura kwana kaɗan a tafi Kazaure, aka sa ranar babban gwaji. Da safen nan Inno ta ɗauki tsintsiya ta tafi sharar turke. Mas'uda ta tsaya da kwano a hannu, ta rasa yadda za ta yi.

"Inno, na makara. Zan tafi da shi makaranta in ci a can."

"To, ki rufe shi da kyau."

Ta ɗaure kwanon a tsumma ta fita. Gajera ta ga abincinta yana tafiya. Ta miƙe, ta ja igiya, ta yi ta kuka kamar ana yanka ta. Mas'uda ba ta waiwaya ba.

A makaranta ta ɓoye kwanon a gindin darbejiya. Aka buga ganga, yara suka yi layi. Mas'uda ta ɗaga allo ta tsaya a gaba.

"Hagu, dama. Hagu, dama," Malama tana faɗa.

Suka zagaya fili. Rana ta fara zafi. A zagaye na gaba allon ya yi wa Mas'uda nauyi. Ƙafafunta suka fara rawa. Ta ga fili yana juyawa, duwatsu suna bin sa. Ta ji gangar can nesa. Sai ta sulale ƙasa.

Da ta buɗe ido, ta gan ta kwance a inuwar darbejiya. Malama tana yi mata fifita da littafi. Tasalla tana gefe, ido ya raina fata.

"Sannu, Mas'uda," in ji Malama. "Me kika ci da safe?"

Mas'uda ta buɗe baki za ta ce ɗumame. Sai yara suka fashe da dariya suna nuna bayan bishiya. Kowa ya juya.

Gajera ce. Ta tumɓuke turkenta, ta jawo shi da igiya tun daga gida. Ta yaga tsumman, ta ture murfi, ta zura kai cikin kwano tana ci hankali kwance, kamar a gidan ubanta.

Can sai ga Inno tafe da sauri, mayafi a hannu, tana haki.

"Salamu alaikum. Malama, ku yi haƙuri. Wannan ja'irar na biyo, kada ta faɗa gonar mutane." Sai idonta ya sauka kan jikarta. "Subhanallahi. Me ya same ta?"

"Jiri ne ya ɗebe ta, Inno," in ji Malama. "Ina zaton yunwa ce."

"Yunwa? Yarinyar da kullum take kawo mini kwano a lashe?"

Inno ta dubi kwanon. Ta dubi cikin Gajera. Ta dubi Mas'uda. Sannan ta riƙe haɓa.

"Ashe ke nake yi wa ɗumame da man shanu," ta ce da akuyar.

Mas'uda ta fashe da kuka. Ta faɗi komai, tun daga rigar da ta matse ta har shawarar Tasalla. Ta ce, "Tsoro na ji kada a ba wata allon."

Malama ta aika aka karɓo koko wajen Uwa Dela. Ta riƙe mata ludayi har ta sha. Kaɗan-kaɗan Mas'uda ta ji idonta ya washe.

"To, faɗa mini gaskiya," in ji Malama. "Da kika daina ci da safe, kin rame?"

"A'a, Malama."

"Da rana fa, yaya kike ci?"

Inno ce ta amsa. "Kamar fara ta sauka a gona."

Har Mas'uda sai da ta yi murmushi.

"Kin gani," in ji Malama. "Cikin da aka hana da safe, da rana yake ramawa, har ya wuce misali. Ba ki ragu ba, ƙarfinki ne ya ragu. Ke yarinya ce, girma kike yi. Jikinki yana son abinci da safe don ki yi karatu, ki yi wasa. Kuma lafiyarki ƙalau yadda Allah ya yi ki. Na ce wadda ta ga matsala ta faɗa mini. Ban ce zan karɓe allo ba."

Tasalla ta sunkuyar da kai. "Ki yafe ni, Mas'uda. Ni ma ji na yi an faɗa."

"Ke kina cin naki da safe?" Malama ta tambaye ta.

"Ina ci, Malama. Har da ƙari."

Aka sake yin dariya.

Da suka koma gida Inno ta ce a kawo mata rigar. Ta juya cikinta. A kowane gefe tela ya bar yadi a ninke, kamar yadda ake yi wa kayan yara masu girma. Inno ta ɗauki reza ta farke ɗinkin a hankali, ta sa zare da allura ta sake ɗinkewa. Kafin la'asar ta gama.

Mas'uda ta zura rigar. Ta zauna mata ɗas. Maɓallai suka shige ɗaya bayan ɗaya.

"Aikin da bai kai dahuwar wake ba," in ji Inno, "shi kika yi ta wahala a kai. Riga ake gyara wa mutum, ƙawata. Ba ke za ki gyaru don riga ba. Kuma ƙaryar da kika yi mini ta fi komai yi mini ciwo."

"Na tuba, Inno. Ba zan ƙara ba."

"Allah ya shirya ki. Zo ki juya in gani."

Ranar biki Mas'uda ta tashi tun asuba. Ta zauna a gaban Inno, ba a bayan rumbu ba. Ta cinye ɗumamenta, ta shanye koko. Gajera tana leƙowa daga turke tana kuka.

"Yi haƙuri, Gajera," in ji Mas'uda. "Kowa ya ci nasa." Ta kai mata dusa da hannunta. Gajera ta yi fushi na ɗan lokaci, da ta ga ba sarki sai Allah, ta sa baki.

Babbar mota ta kai su Kazaure suna waƙa. Fili ya cika maƙil da makarantu. Da aka zo kansu, Mas'uda ta ɗaga allo sama. Ganga ta tashi. Ta taka da ƙarfi, ƙafa ba rawa, ido ba jiri. Suka zagaya fili har ƙarshe, allon bai karkace ba. Mutane suka yi ta tafi. Mas'uda ta yi dariya har idanunta suka ɓace.

Tun daga ranar ta gane cewa barin karin kumallo ba ya sa yaro ya ragu, ƙarfi kawai yake rage masa. Ta kuma gane cewa in abu ya dame ka, ka faɗa wa manya, kada ka ɓoye.

Ita ma Gajera ta koyi nata darasin, ko da yake ba da son ranta ba. Har yau in ta ji ƙamshin man shanu da safe, sai ta ja igiya ta gwada sa'arta.