Wayoyin Gidan Hedimasta

Sufeto bai so hawa dutsen nan ba. Hanyar duk kwana-kwana ce, motar ofis kuma sai tari take yi kamar mai tsohuwar mura. Amma da suka kai sama ya ga tafkin a shimfiɗe tsakanin duwatsu, ciyawar fadama ta kewaye shi, agwagin ruwa suna ta wanka, sai ya dubi Kofur ya ce, "Wato nan mutane ke zuwa hutu, mu kuma a kira mu aiki."

Ƙarar sata aka kai. Wani tsohon hedimasta ne ya kwaso 'ya'yansa da jikokinsa suka kama ɗakunan katako a masaukin bakin tafkin. Ƙa'idar wurin ita ce, duk mai shiga kwalekwale ya ajiye wayarsa a akwatin ƙarfe cikin rumfar mai kwalekwale, kada ta faɗa ruwa. Da safe suka ajiye, suka tafi yawo. Da suka dawo, akwati wayam.

Babban Yaya, ɗan farin Hedimasta, ya tare su yana huci, hannunsa sai lalubar aljihu yake inda waya ta saba zama.

"Ranka ya daɗe, ba sai an wahala ba. Ga ɓarawon nan. Shi ke riƙe da makulli."

Mai kwalekwale na tsugune a gefe, ido ya yi ja. Manajan masaukin ya riga ya gaya masa in wayoyin ba su fito ba, aikinsa ya ƙare, kuma a caji ofis zai kwana.

"Ka kulle akwatin?" in ji Sufeto.

"Na kulle, yallaɓai."

Sufeto ya ɗaga kwaɗon. Tsatsa ta cinye shi, har gizo-gizo ya yi saƙa a ramin makullin.

"Wannan kwaɗon rabonsa da makulli tun ina kurtu. Sake faɗa."

Mutumin ya sunkuyar da kai. "Ban taɓa kullewa ba. Tsoro ne ya sa na faɗi haka. Wa zai yi sata a nan, agwagi?"

Mutum biyu ne ba su shiga ruwa ba. Na farko surukin gidan, mijin Auta, wanda ya ce ciwon kai ya kwantar da shi.

"To da me aka kira mu, tunda an kwashe wayoyi?" in ji Sufeto.

Suruki ya fara kame-kame. Ashe ba ciwon kai ba ne, tsoron ruwa ne. Ya ɓoye wata waya ta biyu a cikin safa, ya hau wani dutse inda ake samun sabis yana kallon ƙwallo, kuma da ita aka kira 'yan sanda. Auta, matarsa, ta yi masa wani kallo da ya sa Kofur kansa ya ja da baya.

"Naka hukuncin yana gida," in ji Sufeto, ya wuce.

A bayan rumfar laka ce mai laushi. Ga sawun takalmi ya nufi fadama, kuma kusa da kowane sawun dama akwai ɗan rami zagayayye. Sufeto ya sa yatsa a ɗaya.

Na biyun shi ne Hedimasta. Yana zaune a baranda, an rufe masa gwiwa da bargo.

"Baba, ba ka ga kowa ba?" in ji Sufeto.

"Ɗana, gwiwar nan ta hana ni sakat. Ko ƙofa ban leƙa ba."

Sandarsa na jingine da bango. An wanke ta fes, ƙasanta har yanzu da danshi. Sufeto ya yaba kyan sandar, tsoho ya yi tari ya kau da kai.

Suna cikin haka la'asar ta yi. Sai ga kiran sallah ya tashi daga tsakiyar fadama, ba ladani ɗaya ba, tuli guda, kowa da muryarsa, wani na gaba wani na binsa. Agwagi suka watse. Wata jika ta ƙwalla ihu ta ce aljanu ne.

"Aljanun nan da caji suke aiki," in ji Kofur, ya naɗe wando ya kutsa.

Ya fito da kular abinci, an ɗaure ta cikin leda tsaf don kada ruwa ya shiga. Sufeto ya buɗe a gaban kowa, sai ga wayoyin a jere, ya ce kowa ya nuna tasa amma kada ya taɓa. Ta farko ta Babban Yaya ce, sai ta mai bi masa, har zuwa Auta. Sannan surukai. Sannan jikoki, daga babba zuwa ƙarami.

"Ikon Allah," in ji Sufeto. "Ɓarawon nan ya san wa ya girmi wa, har layi ya sa su kamar 'yan makaranta. Amma tunda an ce mai kwalekwale ne, Kofur, sa masa ankwa."

"Kai, tsaya!"

Hedimasta ne ya miƙe, bargo ya faɗi, gwiwa ta warke nan take.

"Ku sake shi. Ni na ɗauka. Ban san yadda ake kashe su ba ne, shafa-shafar nan ta fi ƙarfina."

"Baba! Kai?" in ji Babban Yaya.

"Ni. Shekara guda ina shirin tafiyar nan. Tunda muka zo ban ga idon kowa ba, sai tsakiyar kai. Ko furfurarka a nan na fara ganinta. Na ce bari in ɓoye su zuwa gobe, ko a samu mai yi mini hira. Da ka kama bawan Allahn nan, kunya ta ɗaure mini baki. Wannan shi ne babban laifina."

Auta ta share ido da gefen mayafi. Tsohon ya tako har gaban mai kwalekwale, ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya ce ya yafe masa. Babban Yaya ma ya matso, yana ta haɗa kalmomin ban haƙuri da ƙyar.

"Na yafe," in ji mai kwalekwale, yana dariya da hawaye. "Amma Baba, gobe kai za ka saya mini sabon kwaɗo."

Manaja ya yi wuf ya ce ai dama shi bai taɓa zarginsa ba. Babu wanda ya kula shi.

Sufeto ya rufe kular ya miƙa wa Kofur, ya gyara hula.

"Baba, ka amsa laifi, dole in tafi da kai. Za a tsare ka a cikin kwalekwale har rana ta faɗi, kuma duk iyalinka shaidu ne, kowa ya shiga. Har da kai mai ciwon kai."

"To wayoyin fa?" in ji Babban Yaya.

"Kayan shaida ne. Suna hannun hukuma sai gobe."

Ya kama hannun Hedimasta ya nufi bakin ruwa da shi. Tsohon ya manta sandarsa a baranda, jikoki biyu sun riƙe masa riga suna tambayarsa yadda ya shiga fadama bai faɗi ba, shi kuma ya fara ba su labari tun daga farko.