Guzurin Mutum Biyu

“Wannan dankalin na mutum biyu ne.”

Auta ba ta juyo ba. Ta ci gaba da barbaɗa gishiri a kan dankalin da ta dafa ta yayyanka daidai loma. Tun kafin ya yi magana ta san Yaya ne, ƙarar sandarsa a kan siminti ta riga shi shigowa kicin.

“Da ke nake. Na ce na mutum biyu ne.”

“Na ji, Yaya.”

“Wane ne na biyun?”

Amsar tana kan tebur. Ƙwai takwas a ɓare, dabino an cire masa ƙwallo, burodi da zuma an yanka gida huɗu-huɗu, gorar ruwa huɗu, biyu daga ciki an zuba musu gishiri da sukari. Komai ta kasa shi biyu. Kowace leda ta ɗan tsaga bakinta yadda za a buɗe da haƙori ba tare da an saki kan keke ba. Shi ya koya mata haka, kamar yadda ya koya mata hawa da faci a shagonsa na gyaran keke da ke gaban gidan, inda ya raine ta bayan rasuwar iyayensu.

Sau ɗaya a shekara ƙungiyar masu keke ke yin tafiyar dare: kilomita ɗari uku, a tashi ƙarfe shida na yamma, a iso kafin azahar ɗin gobe. Dokar ita ce biyu-biyu. Bara Yaya ya tafi da mijin Auta, wanda ’yan ƙungiya ke kira Dogo. Dogo ya iso da hantsi shi kaɗai, aka yi masa tafi. Yaya kuwa wani direban babbar mota ne ya tsince shi da asuba a cikin kwalbati, fitilarsa a mace, ƙugunsa a karye.

Auta ta zo jinya da ƙaramin akwati, da niyyar yin mako biyu. Yau shekara guda ke nan. Ba yaji ta yi ba, ba kuma a sake ta ba. Ta zauna ne kawai, kowa ya yi shiru.

Bana babu wanda ya yarda ya haɗa tafiya da Dogo. Sai ta je ofishin ƙungiya ta sa sunanta kusa da nasa.

“Shi ne,” ta ce.

Yaya ya yi wata ’yar dariya mara daɗi.

“Duk mazan ƙungiyar nan, manya da yara, sun ce ba da su ba. Sai ke, mai wayon duniya!”

“Mijina ne, Yaya.”

“Ni kuma bangon gidan nan ne, ko?”

“Ban ce ba...”

“Ke kika riƙa ɗaga ni kina kai ni bayi wata uku! Ke! Ko kin manta wanda ya jawo?”

“Ban manta ba.”

“To ki saurare ni da kyau. In kika fitar da keken nan daga gidan nan yau, ki haɗa da akwatinki.”

Ta ƙulle ledar da ke hannunta, ta ajiye. Ta ɗauki wata. Ta shirya wa wannan maganar tun ranar da ta sa hannu a takarda, amma jin ta daga bakinsa daban ne.

Aka yi sallama a ƙofar shago.

Dogo na tsaye a waje riƙe da kekensa, hular kwano a rataye a kan keken, rigar nan mai ƙyalli a kafaɗarsa. Bai tako ciki ba. Rabonsa da ƙetare wannan ƙofar tun ranar da Yaya ya jefe shi da kofi a asibiti.

“A’a, Gwani ya iso,” in ji Yaya, yana ɗingisowa. “A ba shi hanya jama’a, sauri yake yi.”

“Ina wuni, Yaya.”

“Yayanka yana gidanku.”

Auta ta fito da jakunkunan keke biyu da tiren guzuri, ta ajiye a kan bencin aiki, tsakanin sifanoni da gwangwanin giris. Dogo ya dube ta, ya rage murya.

“Autata... kin rame.”

“Atisaye ne. Kuma kada ka ƙara kira na haka a gidan nan.”

“Zuciyata, ko sau ɗaya ki dube ni...”

“Ina batirin fitilarka na biyu? Ka yi masa caji?”

“Na yi.”

“Tiyub?”

“Biyu.”

“To bari in gaya maka a gaban Yaya, don kada ka ɗauka wani abu. Ba don na yafe maka zan bi ka ba. Shekara guda ina jin labarinka a bakin mutane. So nake in ga da idona ko wane irin mutum na aura.”

Dogo ya juya wajen Yaya.

“Yaya, ban taɓa samun damar faɗa ba. Kai ka ce in wuce. Da tayarka ta yi faci a gindin gadar nan, sau uku ka ce, wuce, zan same ka.”

Yaya ya buga sandarsa a ƙasa.

“Kowa yana cewa a wuce! Akwai ɗan keken da zai ce maka, tsaya ka jira ni, na gaji? Wanda ya ce wuce kunya ce ke magana, wanda ya wuce shi ne... shi ne kai! Kuma batirina na biyu yana ina a daren?”

“A jakata.”

“Bai sani ba, Yaya,” Auta ta ce da sauri. “Wajen haɗa kaya ne suka cakuɗe. Sai da ya iso ya gani.”

Wannan ita ce hujjar da ta riƙe shekara guda. Da ita take kwana, da ita ta je ta sa sunanta.

Dogo ya sunkuyar da kai.

“Ba haka ba ne. A tasha ta biyar na gani, da na buɗe jaka zan ciro kati a buga mini hatimi.”

Wata mota ta wuce a titi, ƙurarta ta shigo.

“Ka gani?” Muryar Auta ta fito a hankali. “Ka ga batirinsa a hannunka, da dare, ka san fitilarsa ba za ta kai asuba ba?”

“Na gani.”

“Sai ka juya.”

“Ban juya ba. Na ce wa kaina saura kilomita tamanin, na ce ai zai tsaya a tasha ya jira gari ya waye. Lokacin da nake yi ya fi na kowa a daren. Ban juya ba, Auta.”

Auta ta dafa benci, giris ya ɓata mata tafin hannu, ba ta lura ba. Ta dubi dogon mutumin nan da ya taɓa yin kwana huɗu a kujerar asibiti lokacin da ta yi ɓari, yana jiƙa mata leɓe da auduga. Shi ne dai wannan.

“Me ya sa ka faɗa? Babu wanda ya sani.”

“Don za ki bi ni cikin duhu. Gara ki san wanda kike bi.”

“Allah ya isa tsakanina da kai,” ta ce. Hawaye ya zubo guda, ta share da bayan hannu. Sannan ta jawo jakarta ta fara jera ledojin dankali a ciki.

“Ke! Ba ki ji abin da ya ce ba?” Yaya ya daka mata tsawa.

“Na ji. Yau ne karon farko da wani a cikinku ya gaya mini gaskiya. Zan je.”

Yaya ya daɗe yana kallonta. Ya san wannan taurin kan, a gabansa ya girma. Ya jingina sandarsa, ya fizge jakar daga hannunta, ya ɗauki ta Dogo, ya zazzage su duka a kan benci.

“Matsa. Ba ki iya haɗa kaya ba.”

Ya fara da abinci. Dankali, ƙwai, dabino, burodi, ayaba, kason mutum biyu, duk ya cusa a jakar Auta. Batir biyu, nata da na Dogo, jakar Auta. Famfo, jakar Auta. Tiyub huɗu, kayan faci, ’yar sifana, rigunan ruwa, jakar Auta da ta ƙarƙashin sirdinta. Gorunan gishiri da sukari ya sa su a kekenta. Da ya gama, ya miƙa wa Dogo jakarsa. Babu komai a ciki sai tsumman goge hannu.

“Ga naka, Gwani. Fitilarka awa biyar take yi. Cikinka awa biyu yake yi, na san shi. In ka bar ta, duhu da yunwa su yi maka rakiya. Ko dabino ɗaya kake so, sai ka roƙa a hannunta.”

Dogo ya ɗaga keken Auta ya ji nauyinsa.

“Ya yi mata nauyi, Yaya. Akwai hawa uku bayan tasha ta biyu.”

“Ba ka da hannu? Ka dafa bayanta ka tura.”

Dogo ya ciro katinsa na hatimi daga aljihu, wanda in babu shi ƙungiya ba ta san mutum ya yi tafiya ba, ya miƙa wa Auta. Ta karɓa ba tare da ta dube shi ba, ta sa a aljihun rigarta ta ja zif.

“Ba wanda ya tambaye ka wannan,” in ji Yaya. “Wasan kwaikwayo.”

Ya durƙusa da ƙyar, yana cije leɓe, ya duba keken ƙanwarsa: birki, sarƙa, iskar taya, maƙalin fitila. Ya ɗiga wa sarƙar mai. Da zai miƙe ya matsa birkin bayan keken Dogo, ya yi tsaki, ya ɗauki sifana ya ɗaure.

“Kada ka yi mini godiya. In ka faɗi, a kanta za ka faɗo.”

Biyar da kwata. Auta ta ɗaura hularta, ta turo keken zuwa bakin ƙofa, ta tsaya.

“Yaya... akwatin fa?”

Bai dube ta ba, yana goge sifana.

“Yana inda yake. In kun iso tare gobe, ya tako da ƙafarsa har cikin gidan nan ya ɗauka. In kin iso ke kaɗai, ɗakinki na nan, takardar saki kuma ni zan karɓo miki.”

Ta so ta rungume shi, amma ta san zai ture ta. Ta hau. Keken ya yi tangal-tangal saboda nauyi, Dogo ya kai hannu ya tare, ta buge hannun.

Sun kai tsakiyar layi suka ji muryar Yaya daga ƙofar shago.

“Kai, Dogo!”

Dogo ya taka birki. Shekara guda rabon da ya ji sunan nan a bakin Yaya.

“Wajen ƙarfe uku na dare za ta gaji. Za ta ce maka wuce.”

“Ba zan wuce ba, Yaya.”

“Za ta faɗa sau uku. Har rantsuwa za ta yi maka. Ƙarya take yi, jinina ce.”

Ya juya ya shige shago, ya ja ƙofa.