Buhun Takalma

"Tsaya! Kashe mota ko in fasa kanka!"

Farar bas ta ja birki, ƙura ta tashi. 'Yan fashi uku suka fito daga ciyawa da rana tsaka: Oga, Dogo da Mai Tabo. Dokarsu ɗaya ce. Duk wanda suka tare sai ya cire takalmi, don kada ya iya gudu neman taimako. Buhun takalman motar da suka tare ɗazu yana kafaɗar Dogo.

"Kowa ƙasa! A cire takalma!"

'Yan mata takwas suka sauko. Dogo ya dubi ƙasa. Babu mai takalmi ko ɗaya.

"Ke, ina naki?"

"Anti ta karɓe, da wayoyinmu. Wai sai mun tsallaka iyaka. Aikin shago za ta ba mu."

Mai Tabo ya fashe da dariya. "Shago! Oga, an riga mu fashi a motar nan!"

Anti, wata mata mai ƙiba, ta sauko daga gaba, turare na tashi a jikinta. Ko gezau ba ta yi ba.

"Ɗan'uwa, mu yi magana," ta ce wa Oga. "Maza na jira a otal can ƙetare. Kun san hanyar daji. Ku tsallakar da mu, ka zaɓi biyu a cikin 'yan matan."

"Uku," in ji Oga, yana lasar leɓe.

"Haba! Ka san wahalar da na sha wajen iyayensu?"

Suka koma gefe suna ciniki kamar a kan awaki. Wata yarinya ta ji komai. Ta durƙusa tana amai.

Can baya, fasinjojin motar farko sun isa shingen 'yan sanda, ƙafafunsu duk jini. "Suna gaba, yallaɓai!" Motar 'yan sanda ta taso.

Dogo ya tofar da yawu. Ya yi sata, ya yi duka, amma wannan ya fi ƙarfinsa. Ya dubi dajin, ƙaya ce ko'ina. Ya zazzage buhun a gaban 'yan matan.

"Ku saka. Ku bi rafin nan, akwai ƙauye. Maza!"

Suka yi wawa. Takalman maza ne, manya-manya. Shida suka samu. Suka faɗa daji, ƙafa na fita suna mayarwa.

"Oga! Dogo ya sayar da mu!" Mai Tabo ya ƙwala ihu.

"Ɗan iska!" Oga ya ɗaga bindiga.

Tau! Tau!

Dogo ya faɗi a kan buhun. Ƙarar ce ta jawo 'yan sanda. Jiniya, harbi, ihu! Mai Tabo ya jefar da bindiga ya ɗaga hannu. Harsashi ya sami Oga a cinya, aka ja shi kamar mushe.

Anti kuwa ta zube a titi tana birgima. "Wayyo 'ya'yana! Sun kore min 'ya'ya!"

'Yan mata biyun da suka rage suka buɗe baki. Ta rungume su, ta dasa farce a wuyan kowacce. Suka yi shiru.

Wani ɗan sanda ya miƙa mata ruwa. "Sannu, Mama. Ku tafi, Allah ya tsare."

Dogo ya mutu. Oga da Mai Tabo suna hannu. Shida sun kai ƙauye kafin la'asar. Farar bas ta ci gaba da tafiya zuwa iyaka, Anti na gyara ɗankwali a madubi. A kujerar baya, su biyu sun ƙura wa ƙafafunsu ido.