Zaren Likita Duan

"Ƙarya ɗaya tak, Heng! Ɗaya!" Inna ta dire ƙwaryar kunun gero gaban ɗanta. "Ka ce ba ta da lafiya, su sallamo mana ita. Dubi 'yarka yadda ta rame!"

Duan Heng ya dubi jaririyarsa Tao tana tsotsar yatsa. Matarsa Ruyun aka zaɓa ta shayar da yarima mai jiran gado bayan rasuwar sarauniya, kuma mai shayar da ɗan sarki ba ta fita fada sai ciwo ya kama ta. Yau ga shi likitan da aka kira ya duba ta shi ne Heng, don ba wanda ya san mijinta ne. Kowa a birnin Chang'an yana ba da labarin nan, amma lalata shi suke yi. Ni kaɗai na iya shi, kuma ko shayi ba a taɓa ba ni ba!

"Inna, rantsuwa na yi ranar da aka ba ni rigar likitancin nan."

"Rigar ce za ta shayar da Tao? Kai dai ubanka ka biyo, taurin kai kamar jakin niƙa!" Ta fashe da kuka.

A fada, babban bawan sarki ya wuce da shi ƙofa bayan ƙofa, rufin zinariya na ɗaukar ido. Namiji ba ya ganin matan ciki, balle ya taɓa su. Zaren siliki ake ɗaura wa mace a wuyan hannu, a zuro shi ta ƙasan labule, likita ya ji bugun jini ta jikinsa.

Ya durƙusa, ya ɗora yatsu uku. "Ranki ya daɗe, a saki hannu."

Zaren ya yi tsalle! Ruyun ta gane muryarsa. Jininta ya riƙa gudu kamar na mai zazzaɓi, har bawan ya leƙo.

"Kai likita, zaren nan rawa yake. Ciwo ne? In ciwo ne yau za ta tattara. Sai dai yarima ya ƙi nonon kowa, mata nawa aka gwada!"

Kalma ɗaya kawai zai faɗa, ya koma gida da matarsa. Sai kukan yarima ya tashi bayan labule, siriri, irin na Tao sak. Heng ya ji an ɗauki yaron, ya ji kukan ya mutu, ya ji jinin ya kwanta a hankali ƙarƙashin yatsunsa.

"Malam likita," in ji Ruyun, "faɗi abin da zaren ya gaya maka. Amma... a gidanku yara suna ƙoshi?"

"Suna ƙoshi, ranki ya daɗe. Kakarsu ta iya kunu." Ya juya ga bawan. "Lafiyarta lau."

Wannan ce maganarsa ta ƙarshe da Ruyun. Inna ta daina yi masa magana har damina ta wuce, amma ita ta raini Tao da kunu. Heng bai ƙara aure ba. Ruyun ta yaye yarima, aka riƙe ta ta raine shi, ta tsufa a can, ta rasu a can.

Wata safiya unguwa ta yi tsit. Heng ya fito da sandarsa, sai ga sabon sarki, yariman nan, a ƙasa, ba doki, sanye da fararen kayan makoki, akwatin gawa a bayansa. Mutane suka zube, goshi a ƙasa. Sarkin da ba a ɗaga ido a kalla ya durƙusa gaban Tao!

"Yaya, nononki na sha. Ki yafe mini." Ya dubi tsohon. "Baba, ta gaya mini komai. Ta ce a kawo ta maƙabartar gidan Duan."

Ya miƙa masa tsohon zaren da aka kwance daga hannunta. Heng ya ɗora yatsu uku a kai, ya daɗe yana saurare.

To, 'yan samari da 'yan mata, ku da kuke kuka don an hana ku zance yini guda: wanda ya riƙe amana ya rasa abin da yake so, bai yi asara ba. Haƙurinsa ne ya durƙusar da sarki a ƙofar gidansa.