'Yar Biyar

Ranar da ta fara tsayawa a shagonsa na kayan marmari, sitiroberi biyar ta ce ya zuba mata. Ya dube ta, ya dubi kwandon.

"Biyar kacal? Tsuntsu za ki ba?"

"Ni ce tsuntsun," ta ce, ko murmushi babu.

Tela ce a layin bayansa, kuma hanjinta ya daɗe yana ba ta wuya. Likita ya ɗora ta kan tsarin rage wasu abinci da ake kira FODMAP: ban da albasa, ban da tafarnuwa, ban da madara. Sitiroberi ma in ta wuce ƙa'ida, sai ciki ya kumbura kamar balan-balan. Kunya ta hana ta gaya wa kowa. Shi kuwa ya laƙaba mata 'Yar Biyar, ita ma tun tana harararsa har ta fara amsawa.

Da magana ta yi nisa har ta kai ga batun aure, ummansa ta gayyace ta gida. Abinci ya sha albasa, ga sitiroberi cike da kwano an kwarara masa madara, saboda an ce tana so. Wa zai ture hannun surukarsa? Ta cinye tas.

Kafin ta kai ƙofa gumi ya jiƙa ta, riga ta matse ta. Ta dafe mara ta ce masa, "Cikin nan sai ya tona min asiri." Umma na jikin taga.

Da safe saƙonsa ya shigo:

"'Yar Biyar, Umma ta ce in janye. Wai da kunnenta ta ji kina da ciki. Zuciyata ba ta yarda ba, amma ki ce min wani abu."

Ta kifa kai a kan keken ɗinki ta yi kuka mai isarta. Zargin ya yi mata ciwo, tambayarsa ta fi. Mayafi ta ja ta nufi gidan su Umma.

Ta durƙusa gaban Umma. "Umma, ciki kam ina da shi, irin na kowa. Nawa ne dai ba ya jin magana." Ta faɗi duk abin da ta daɗe tana ɓoyewa, kumburin, murɗawar, zaryar banɗaki, kanta a ƙasa.

"To, don me kika cinye?"

"Ke kika zuba min da hannunki."

Umma ta rufe baki da tafi, hawaye suka zubo mata. "Ki yafe ni, 'yata."

Shi kam ya sha gaba daga wajenta kafin ta yafe masa.

Ranar auren Umma da kanta ta ɗora wa amarya tukunya daban, ta kawo sitiroberi biyar a faranti. Ango ya lallaɓo zai ƙara ta shida, Umma ta buge masa hannu.

"Kar ka kashe min 'ya! Allah ya ba ku zaman lafiya. Wancan cikin kuma, yanzu ne nake jiransa."