Tarin Nana da Tarin Rago

Hantsi bai gama ɗagawa ba kofur ya faɗo ofishin Sufeto Salmanu a caji ofis na Sabon Gari, yana haki.

"Yallaɓai, yarinya ta mutu a Fagge. Wai guba ce, wai 'yar Ibon nan mai tallan burodi ce ta ba ta."

Sufeto ya miƙe tsaye. Bara-baran nan Fagge da Sabon Gari suka sassari juna, har yau akwai rumfunan da ba a tayar ba. Kuma Fagge, kun san ta, kafin ka rufe baki maganarka ta kai Wapa ta dawo.

Ashe mai burodin, Chinyere, ta riga kowa isowa. Tana maƙure a bayan teburin sajan, ƙafa ba takalmi.

"Oga, kyauta na ba Nana. Kullum ina ba ta. Za su kashe ni, Oga!"

"Zauna nan. Ko ƙofa kada ki leƙa."

A ƙofar gidan Malam Sabo tela, uban yarinyar, samari sun yi cincirindo, kowa da gora. Sufeto ya ratsa su gumi na bin wuyansa. A tsakar gida ya tarar da Yakaka, mahaifiyar Sabo, tsohuwar da ko limamin unguwa ba ya ja da ita.

"Burodin ne, ɗan nan!" in ji ta. "Nana ta ci, ragona ya cinye saura. Ta kama tari, ya kama tari. Shi ya mutu jiya, ita yau da asuba."

"Inna, an ba ta wani magani?"

"Ko ruwan rubutu ba a ba ta ba."

Ya juya wajen Ummakulsum, uwar yarinyar. "Haka ne?"

Ta saci kallon surukarta, ta sunkuyar da kai. "Haka ne."

"Inna, me ya sami yatsanki da aka ɗaure da tsumma?"

"Wuƙar albasa. Kai yatsana ka zo bincike ko jikata?"

Da Sufeto ya ce za a kai gawar asibiti, Sabo ya miƙe. "A yanka mini 'ya?"

"Malam, dubi ƙofar gidanka. In aka binne ta yanzu, ba ita kaɗai za a binne yau ba."

Sabo ya leƙa ƙofar gida, sannan ya dawo ya ce a tafi.

Mushen ragon yana juji a bayan gida. Malamin dabbobi ya zo ya farke shi, ya zaro huhun. Gaba-gabansa ta ƙasa ya yi ja-ja-wur, ya yi tauri kamar hanta. Da ya matsa, sai ruwan mugunya ya tsattsafo daga 'yan ƙananan hanyoyin iska, haɗe da wani maiƙo.

"Sunsuna, Yallaɓai."

Sufeto ya kau da kai da sauri. "Man shanu da tafarnuwa?"

"Tumbinsa lafiya lau, ba alamar guba. Ɗura aka yi masa, ta saɓa hanya ta bi maƙogwaro. Huhu kuwa ba ya yafe wannan."

A asibiti likita ya faɗi kusan irin wannan. "Namoniya ce, cutar huhu wadda ke farawa daga hanyoyin iska ta bazu tabo-tabo a huhu biyun. Akwai mai a ciki, kuma ba jiya ya shiga ba. Ka ga hancinta? Shatin farce ne. Toshe mata shi aka yi."

Kafin Sufeto ya koma Fagge an kira azahar, taron ya ninka. A Sabon Gari tuni masu shaguna sun fara jan ƙyaure, mata na kwashe yara. Wani daga cikin samarin ya ɗaga murya, "A ba mu mai burodin!"

Sufeto ya shige gidan, ya ja Ummakulsum zaure ita kaɗai.

"Wa ya toshe wa 'yarki hanci?"

Ta fashe da kuka. "Ni na riƙe mata ƙafa. Inna ta ce in na buɗe baki sai ta sa an sake ni."

Ya fito tsakar gida. "Inna, kwance tsumman nan."

"Ba zan kwance ba."

"Inna, kwance," in ji Sabo.

Ta kwance. Ba yankan wuƙa ba ne. Shatin 'yan ƙananan haƙora ne a jere.

Tsohuwar nan da ta saba juya unguwa sai ga ta zaune daɓas a ƙasa.

"Zawo suke yi, ita da ragon. Na dafa man shanu da tafarnuwa, na ɗura masa, na ɗura mata da ludayi. Ta ƙi, ta cije ni, na matse hancin har ta haɗiye. Ta sarƙe, ta yi ta tari, na ce zai wuce. Da ragon ya mutu na gane, amma na ji tsoron ka sani." Ta kamo gefen rigar ɗanta. "Sabo, kai ma haka na yi maka, ga ka da ranka!"

"Ita kuma mai burodin da kika ɗora wa?" in ji Sufeto. "Da an kashe ta fa?"

Yakaka ta rufe fuska da mayafi.

Sabo ya zare rigarsa daga hannunta a hankali, ya fita ƙofar gida.

"Jama'a, ku ajiye gorar nan. Ba burodi ba ne. Matar nan ba ruwanta."

"To wane ne, Malam? Faɗa mana shi!"

Sabo ya waiwaya ya dubi zaure. Sai ya matsa gefe ya ba da hanya. Sufeto ya fito daga zaure, Yakaka na biye da shi, kofur a bayanta riƙe da ludayin. Masu gora suka dare biyu, suka ba su hanya.