Saura Minti Nawa, 'Yata?

Tsakanin filayen jirgin nan biyu kilomita ɗari uku ne, minti arba'in a sama. Shekara shida Auta tana raba ruwa a ƙaramin jirgin da ke kai da komo tsakaninsu. Ba ta duban agogo. Ta ba da ruwa, ta kwashe kofuna, taya ta sauko, shi ke nan.

Ran nan sawu na huɗu ne, dab da magariba. Ƙafa ta kumbura cikin takalmi, ga jaririyarta tana hannun Inna a filin da za su sauka.

A kujerar ƙarshe wani tsoho ya taɓa mata hannu. Yatsunsa sanyi ƙalau, jikinsa na warin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Saura minti nawa, 'yata?"

"Arba'in, Baba."

Ta ba shi ruwa, ta gama zagayenta, ta kwashe kofuna. Taya ba ta sauko ba. Ya sake tambaya, ta ce arba'in. Can ya kuma, ta ce arba'in. Mai gajiya bakinsa ke aiki, ba kansa ba, amsar da take ba kowa ke nan tun safe.

Rana na nan jajir a taga, ta ƙi faɗuwa. Fasinjoji duk sun yi barci, ko minshari babu. Sai ta ji nono ya cika mata tam, har ya jiƙa riga. Agogo kan yi ƙarya, nonon mai shayarwa ba ya yi.

Ta leƙa wurin matuƙi. Gumi ya wanke masa wuya.

"Ja ƙofar, ƙanwata," ya ce ƙasa-ƙasa. "Sau uku ina hango fitilun fili, sai na'ura ta koma kilomita ɗari uku. Mai ya kusa ƙarewa."

Sau uku. Sau uku ita ma ta ce wa tsohon arba'in.

Kuma kujerar ƙarshe a karye take. Tun safe ba a sa kowa a kanta ba.

Ta juya. Inji ya yi tari.

Tsohon na jiranta da murmushi.

"Saura minti nawa, 'yata?"

Arba'in ɗin ta zo kan harshe. Ta cije shi har ta ji jini.

"Mun iso, Baba."

"Kin tabbata?"

"'Yata na jin yunwa."

Ya daɗe yana kallon rigarta.

Ƙarƙashin ƙafarta, taya ta sauko.

Suna taɓa ƙasa inji ya mutu. Kujerar wayam, sai kofi ɗaya cike da ƙasa. Mai zuba mai ya duba tanki, ya ga babu ko ɗigo, ya nemi wuri ya zauna.

Inna na bakin ƙofa da goyo.

"Yau kam ba ku makara ba," ta ce. "Ke kuma famfo kika zama? Karɓi abarki."

Auta na nan tana aikin, ciki ba ya hutu. Amma in fasinja ya tambayi saura minti nawa, ko minista ne, sai ta duba agogo, ta duba kujerar da yake kai, sannan ta buɗe baki.